DAGA ALKATHENE ZUWA LEDA: ABIN DA YA KAMATA JAMA'A SU SANI GAME DA ROBAR GIDA

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga Zangon Agege, a Jihar Legas, da sassafe, zai ga abu guda yana ta kai da kawowa a hannun jama'a cikin siffofi iri-iri. Mai shayi yana zaro burodi daga cikinsa. Ɗan garuwa yana tura kura shaƙe da jarkokin da aka ƙera da shi. Uwargida ta jiƙa wanki a bahon da aka yi da shi, yaro kuma ya huda kusurwarsa da haƙori yana tsotsar ruwan sanyi. In an tambayi Bahaushe sunan abin nan, sai ya ce leda ce, ko kuwa roba. Maƙwabcinsa Bayarabe ya ce nailan ne.

Duk sunayen nan uku na aro ne, babu kuwa wanda ya faɗa daidai a cikinsu. Leda ta samo asali ne daga kalmar Turanci mai nufin jemammiyar fata. Roba daga sunan danƙon itace aka aro ta, irin wanda ake yin tayar mota da shi. Nailan kuwa wani zare ne dabam, wanda aka ƙago a Amurka a 1935. Sunan abin na ainihi a wurin masana shi ne politin, kamfanin da ya fara yin sa a Ingila kuma ya sayar da shi da sunan Alkathene.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Wanda ya ɗauki leda tamkar fata, zai zaci ƙasa za ta cinye ta in ya yar. Wanda ya ɗauki baho tamkar tasa, zai juye masa tafasasshen mai. Manufar wannan ɗan littafi ita ce a bayyana wa jama'a asalin politin, da amfaninsa a cikin gida, da kuma halayensa guda biyu waɗanda ya wajaba kowane magidanci ya riƙe: ba ya jure zafi, kuma ba ya ruɓewa.

Yadda Aka Gano Shi

A shekarar 1898 wani masanin sinadarai Bajamushe, Hans von Pechmann, ya ga wani farin abu mai kama da kakin zuma a gindin kwalbar gwajinsa. Aka duba shi, aka rubuta bayaninsa, aka ajiye, domin hanyar da aka bi aka same shi tana da haɗari ƙwarai, abin da take bayarwa kuma bai taka kara ya karya ba.

Bayan shekara 35, watau a watan Maris na 1933, sai abin ya sake ɓullowa a hannun waɗansu mutum biyu, Eric Fawcett da Reginald Gibson. Su ma'aikata ne na kamfanin Imperial Chemical Industries, wanda aka fi sani da ICI, a ɗakin bincikensa da ke Winnington, kusa da garin Northwich a Ingila. Aikinsu shi ne su ga abin da zai faru in an matse sinadarai matsi mai tsanani. Suka ɗura wata iska da ake kira itilin a cikin tukunyar ƙarfe, suka matse ta da ƙarfin da ya ninka nauyin iskar da ke kewaye da mutum fiye da sau dubu, suka kuma gasa ta. Da suka buɗe tukunyar, sai suka tarar wani farin abu kamar kaki ya shafe cikinta, bai ko kai giram ɗaya ba. Da aka sake gwadawa sai abin ya ƙi, wani lokaci ma ya yi bindiga. Saboda haka aka jingine aikin.

A watan Disamba na 1935 wani ma'aikacin kamfanin, Michael Perrin, ya koma kan gwajin da kayan aiki masu ƙarfi, ya kuwa yi nasara. Daga baya aka gane sirrin: ashe ɗan ɓurɓushin iskar oksijin da ya saje da itilin ba da niyyar kowa ba, shi ne ke tayar da haɗuwar. In ya yi kaɗan abin ba ya kamawa, in ya yi yawa tukunya ta fashe. Da aka san gwargwadon da ya dace, sai hanya ta buɗe. Kamfanin ya nemi rajistar haƙƙin ƙirƙira a 1936, masana'antarsa ta farko kuma ta fara aiki ran 1 ga Satumba 1939, ranar da sojojin Jamus suka afka wa ƙasar Foland, Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke.

Da fari an yi niyyar a riƙa naɗe wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku da shi, domin ruwa ba ya ratsa shi, lantarki ma haka. Amma da yaƙi ya zo, sai aka ga ya fi kome dacewa da wayoyin na'urar rada, watau na'urar da ke hango jiragen sama da na ruwa tun suna nesa. Rashin nauyinsa ya taimaka wa Ingilishi suka iya ɗora na'urar a cikin jiragen samansu na yaƙi. Saboda haka gwamnatin Ingila ta mai da shi sirrin soja har yaƙi ya ƙare a 1945. Abin da yau yaro ke sha ya yar a kwata, a wancan zamani kayan yaƙi ne da ake ɓoyo.

Mene Ne Politin?

Itilin iska ce da ake samu in an gasa waɗansu sassa na man fetur ko iskar gas a matata. Kowace ƙwayarta ƙarama ce ƙwarai, ta ƙunshi sinadari biyu kawai, kabon da haidurojin. In an haɗa ƙwayoyin nan, sai su riƙe juna ɗaya bayan ɗaya kamar zoben sarƙa, dubbai a jere. Tarin sarƙoƙin nan shi ne politin. Sinadaran da ke jikinsa su ne dai ke jikin kyandir, sai dai sarƙar kyandir gajera ce. Wannan shi ya sa in an shafa shi akan ji santsi kamar kaki, in kuma ya kama wuta yakan yi warin kyandir.

Politin iri biyu ne manya. Wanda aka fara yi a Ingila sarƙoƙinsa suna da rassa. Kowa ya san in an ɗaure damin ƙaya ba ya matsuwa, sai ya bar sarari a tsakani. Haka wannan irin yake: yana da taushi, yana lanƙwasuwa, yana miƙewa in an ja shi. Shi ne Alkathene na asali, da shi ake yin ledar burodi da ta ruwan sha da marfin da ke lanƙwasuwa.

Iri na biyu ya zo ne a farkon shekarun 1950. A 1951 Paul Hogan da Robert Banks na kamfanin Phillips a Amurka, sa'an nan a 1953 Karl Ziegler a Jamus, suka gano hanyar yin politin ba tare da matsi mai tsanani ba. Sarƙoƙin wannan irin miƙaƙƙu ne, suna kwanciya jikin juna kamar damin karan dawa, saboda haka ya fi ƙarfi da tauri. Da shi ake yin jarka da galan da bututun ruwa. Ziegler ya sami kyautar Nobel a 1963 tare da Giulio Natta na Italiya saboda aikinsu a wannan fanni.

Daga Fagen Yaƙi Zuwa Ɗakin Girki

Da yaƙi ya ƙare, sai masana'antu suka rasa babban mai sayen kayansu, watau soja. Suka juya ga matan gida. A Ingila, tun kafin 1950 aka fara sayar da bahon wanke-wanke na politin. Ya karɓu nan da nan, domin ba ya tsatsa, ba ya ɓarewar fenti kamar kwanon ƙarfe, ba ya ƙara, kuma tangaran ba ya fashewa in ya bugi gefensa. Bokiti da kwalbar da ake matsawa da bututun ruwa suka biyo baya. Har yau a waɗansu ƙasashe masu aikin famfo da manoma suna kiran baƙin bututun ruwa Alkathene, ko da wane kamfani ne ya yi shi.

Kowane kamfani ya raɗa wa nasa suna. ICI ya yi amfani da Alkathene, shi ne kuma ya ƙago sunan Polythene, wanda ya zama sunan kowa da kowa a Ingila da ƙasashen da ta mallaka. A Amurka DuPont ya kira nasa Alathon, Phillips ya ce Marlex. A Jamus akwai Lupolen da Hostalen. Wani Ba'amurke mai suna Earl Tupper ya tace nasa ya kira shi Poly-T, a 1946 kuma ya fito da kwanonin ajiye abinci masu marfin da ke hana iska shiga, waɗanda suka shahara da sunan Tupperware. Marlex kuwa da farko ya yi kwantai a ɗakunan ajiya, sai a 1958 da aka shiga yayin wani zoben wasa da yara ke juyawa a ƙugu, shi ya kwashe kayan.

Leda mai hannu biyu, wadda ake zuba cefane, wani injiniya ne na ƙasar Suwidin, Sten Gustaf Thulin, ya tsara ta, kamfanin Celloplast ya sami rajistarta a 1965. Kamfanin ICI kansa ya shuɗe a 2008 sa'ad da wani kamfanin ƙasar Holan ya saye shi. Amma abin da ya fara yi bai shuɗe ba. A yanzu duniya tana yin fiye da tan miliyan 100 na politin kowace shekara, ya fi kowane irin roba yawa.

Shigowarsa Agege

Goro da jirgin ƙasa su ne suka kafa Zangon Agege. Hanyar jirgin da ta tashi daga Ikko ta ratsa Agege, ta kai Ibadan a 1901, daga baya ta isa Kano. Gonakin goro suka bunƙasa a yankin, fataken Arewa suka sauka, suna kawo dabbobi suna komawa da huhunan goro. A wancan zamani kowane abu yana da mazubinsa. Goro a ganyen fita ake naɗe shi. Ruwa a tulu da randa yake, ɗan garuwa kuma garwa biyu yake ratayawa a sanda. Fura a ƙwarya, mai a tandu ko kwalba, tsire a takarda, cefane a kwando. Yawancin kayan nan in sun tsufa sai a jefa su juji, su koma ƙasa, su zama taki.

Bayan samun mulkin kai a 1960 masana'antun roba suka yi ta ƙaruwa a Ikeja, wadda ke maƙwabtaka da Agege, da sauran unguwannin masana'antu na Legas, haka kuma a Kano. Suna sayo ƙwayoyin politin daga ƙasashen waje, masu kama da farar shinkafa, su narka, su zuba a ma'auni ko su hura su zama leda. Cikin shekarun 1990 masana'antar Eleme, kusa da Fatakwal a Jihar Ribas, ta fara yin ƙwayoyin a cikin ƙasa daga iskar gas, a 2006 kuma kamfanin Indorama ya karɓi ragamarta. A cikin shekarun 1990 ɗin ne kuma ruwan leda ya bazu a biranen Nijeriya.

Ba a banza jama'a suka rungumi politin ba. Garwa tana tsatsa tana yoyo, tulu yana fashewa, amma jarka mai cin lita 25 sai ta shekara tana aiki. A gidan haya inda iyali da yawa ke tarayya a famfo ɗaya ko rijiya ɗaya, bokiti mai marfi da durom na roba su ne randar zamani. Burodin Agege, wanda sunansa ya zagaye ƙasa, leda ce ke tsare masa laushinsa, ta kuma kare shi daga ƙura da ƙuda. Tankin ruwa na saman gida, da ledar da ake shimfiɗawa ƙarƙashin zanen gadon jariri, da ledar renon dashen itatuwa, da waɗansu gidajen sauro masu magani, duk politin ne.

Akwai wani amfani da ya cancanci a ambata musamman. Daga 2007 aka fara yaɗa wani buhu mai ninki uku a Afirka ta Yamma, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka tsara tare da masanan Afirka. Ninki biyu na ciki ledar politin ce mai kauri. In an zuba busasshen wake aka ɗaure kowane ninki tam, iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki sai su shanye wadda ta rage su mutu. Ta haka ake ajiye wake watanni ba tare da an barbaɗa masa maganin ƙwari ba. Jarka mai tsabta, wadda marfinta ke rufuwa sosai, ita ma tana yin wannan aiki in an cika ta har baki.

Yadda Ake Gane Shi

Ba kowace roba ce politin ba. Tun 1988 aka fito da wata alama da akan buga a gindin kaya, watau lamba a tsakiyar kibiyoyi uku masu bin juna. Lamba 2, ko haruffan HDPE, tana nufin politin mai tauri. Lamba 4, ko LDPE, politin mai taushi ke nan. Lamba 5 ɗan'uwansa ne na kusa, wanda ya fi shi jure zafi, da shi ake yin kujerun roba da buhun saƙa da yawancin robobin zuba abinci. Lamba 1 ita ce gorar ruwa da ta lemo. Lamba 3 ita ce robar bututun gini da waɗansu takalma. Lamba 6 kuwa ita ce farar robar nan mai kama da kumfa da ake zuba shinkafa.

In babu lamba, ruwa yana iya ba da shaida. Politin bai kai ruwa nauyi ba, saboda haka guntunsa yana tasowa sama, alhali guntun gorar lemo ko na bututun gini nitsewa yake yi.

Hali Na Farko: Ba Ya Jure Zafi

Ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin santigired. Politin mai taushi yana narkewa tsakanin digiri 105 da 115, mai tauri kuma wajen digiri 130, tun kafin nan kuwa ya riga ya saki jiki. Man suya yakan wuce digiri 170. Mai karatu zai gane da kansa abin da ke faruwa in an tsamo ƙosai ko soyayyar doya daga kasko aka jefa a leda nan take.

Politin tsantsa ba ya saurin haɗuwa da abinci, shi ya sa aka amince da shi wajen naɗe kayan ci masu sanyi. Amma ledar kasuwa ba tsantsa ba ce. Ana sa mata rini da tawadar rubutu da waɗansu sinadarai, zafi da maiƙo kuwa su ne ke jawo irin waɗannan su shiga abinci. Baƙar leda ta fi zama abin tsoro, domin sau da yawa daga tsofaffin robobi ake narka ta, ba wanda ya san abin da aka taɓa zubawa a cikinsu. Saboda haka dafa alale a leda, da ƙulla koko ko kunu mai zafi, da naɗe malmalar tuwo tana tururi, duk al'adu ne da ya kamata a rage. Gwangwani mai tsabta da ganye da kwano mai marfi sun fi.

Haɗa wutar gawayi da leda shi ma ya zama ruwan dare. Hayaƙinta yana cutar da ƙirji da ido, balle a ɗaki ɗaya da ake girki ake kuma kwana. In ta narke tana ɗiga, ɗigon kuma yana manne wa fata ya ci gaba da ƙuna. In an ƙone shara gaba ɗaya, robar lamba 3 da ke ciki tana fitar da hayaƙi mai guba ƙwarai.

Rana ma tana cin politin sannu a hankali. Bahon da ake bari a tsakar gida kullum sai launinsa ya koɗe, ya yi gautsi, wata rana ya tsage da ruwa a ciki. Dalilin da ya sa ake yin tankuna da bututu da yawa baƙaƙe ke nan, domin baƙin da ake sa musu yana kare su daga hasken rana.

Wani abin lura kuma, jikin politin yana shan kananzir da fetur da maganin ƙwari. Ko an wanke jarka da sabulu sau goma, abin da ta sha yana nan, zai kuma riƙa fitowa a hankali. Jarkar da ta taɓa ɗaukar irin waɗannan ta haramta ga ruwan sha da manja da man gyaɗa har abada.

Hali Na Biyu: Ba Ya Ruɓewa

Abin da ya sa aka zaɓi politin don wayar ƙarƙashin teku, shi ne kuma ya sa ya zama damuwa a kan tudu. Gara ba ta cin sa, ruwa ba ya jiƙa shi, ƙwayoyin da ke ruɓar da ganye da takarda ba su iya masa. Rana tana farfasa shi ya zama ɓurɓushi, amma ɓurɓushin yana nan a ƙasa da ruwa shekaru masu yawa. Ledar da aka yi amfani da ita minti biyar tana iya daɗewa fiye da wanda ya yar da ita.

Legas gari ne na ruwa, ƙasarsa a kwance take, daminarsa kuma mai ƙarfi ce. Tun da politin yana tasowa saman ruwa, ruwan sama na farko sai ya kwashe ledojin titi ya kai su bakin kwalbati, su taru su toshe. Mazauna jihar ba su manta da ambaliyar ran 10 ga Yuli 2011 ba, wadda ta ci rayuka da dukiya. Ambaliya tana da dalilai da yawa, amma toshewar magudanai yana cikin waɗanda ke hannun jama'a. Kwatar da ta toshe kuma, da fasasshen bokitin da ruwa ya kwanta a ciki, gidan sauro ne.

Dabbobi su ma suna shan wahala. Akuya ko saniya in ta ji gishiri ko maiƙo a jikin leda sai ta haɗiye. Ledar ba ta narkewa a tumbi, sai ta taru ta dunƙule, dabba ta daina cin abinci, ta rame, wani lokaci ta mutu. Mahautan mayankar Oko-Oba da ke Agege, da na sauran garuruwa, sun saba ciro irin wannan dunƙule. Duk wanda ya ɗaure rago yana kiwo a gida, lalle ya lura da abin da ke yawo a tsakar gidansa. Hakin da aka raina shi ke tsone ido.

Abin Da Hukumomi Suka Yi

Ƙasar Bangaladash ta hana siririyar leda a 2002 bayan an ga yadda take toshe magudanai lokacin ambaliya. Ruwanda ta bi sahu a 2008, Kenya a 2017. A Nijeriya, Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan sharar roba a 2020, a 2024 kuma ta amince da hana robar da ake amfani da ita sau ɗaya a yar a ma'aikatu da hukumominta. Gwamnatin Jihar Legas ta hana robar kumfa ta zuba abinci a watan Janairu 2024. Daga ran 1 ga Yuli 2025 kuma ta fara zartar da hani a kan waɗansu kayan, har da ledar da kaurinta bai kai maikiron 40 ba. Maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya. Hikimar ita ce leda mai kauri ana iya sake amfani da ita, masu tsintar roba kuma suna samun abin sayarwa a jikinta. Ya kamata 'yan kasuwar Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago su tabbatar da irin ledar da suke saye.

Sharuɗɗa Goma Ga Kowane Gida

1. Kada a zuba abinci mai zafi ko mai maiƙo a leda. A bari ya huce, ko a kawo kwano.

2. Kada abinci ya taɓa jikin baƙar leda kai tsaye.

3. Kada a dafa kome a cikin leda, kada kuma a rufe tukunya da ita.

4. Kada a haɗa wuta da leda, kada a ƙone ta a cikin gida ko kusa da yara.

5. Jarkar fetur ko kananzir ko maganin ƙwari kada ta koma ta ruwa ko ta man girki. A yi wa kowace jarka alama, kada kuma a ajiye fetur a ɗakin kwana.

6. A riƙa wanke jarka da durom na ruwan sha, a rufe su, a ajiye a inuwa. Buhun ruwan leda ma kada a bar shi a rana, a kuma duba lambar rajistar hukumar NAFDAC a jikinsa.

7. A nisanta leda daga jarirai da ƙananan yara, domin tana manne wa hanci da baki ta hana numfashi. Kada a bar bokiti ko baho cike da ruwa inda yaro mai rarrafe zai kai.

8. A je kasuwa da kwando ko jaka. Leda mai kauri a wanke ta a sake amfani da ita.

9. A tara fasassun robobi da ledojin ruwa wuri ɗaya, a sayar ko a ba masu saye, domin ana narka su a yi waɗansu kaya. Sauran shara a ba motocin kwasar shara.

10. Kada a jefa leda a kwata ko a titi ko inda dabbobi ke kiwo.

Kammalawa

Politin bai cika shekara ɗari a hannun ɗan Adam ba, amma ya shiga kowane ɗaki, daga Agege har Sakkwato da Maiduguri. Ya sauƙaƙa ɗaukar ruwa, ya kare abinci daga ƙura, ya tsare hatsi daga ƙwari. Ba a ce jama'a su rabu da shi ba. Abin da ake nema shi ne a san halinsa, a nisanta shi daga wuta, a kuma san inda za a kai shi in ya gama aiki. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ana roƙon sarakunan Hausawa da masu unguwanni, da shugabannin 'yan kasuwa da na mahauta, da malaman makaranta da ƙungiyoyin mata, su taimaka wajen yaɗa wannan bayani. Wanda ya karanta kuma ya karanta wa wanda bai iya ba.